Sabuwar Shekara Na Tafe, Da Me Za Mu Tarbe Ta?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu rana da wata muna lissafin kwanakinmu da su. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Da zarar soyayyen naman layya ya fara ja baya a cikin kwalla, alhazai kuma sun fara saukowa, to kowa ya san shekara ta zo gangara. Zulhajji shi ne wata na 12, daga shi sai Muharram, watan da iyayenmu ke kira watan cika-ciki. A daidai wannan lokaci ne maganar bikin sabuwar shekara ke tashi a Islamiyyu da unguwanni: wane yadi za a fitar na anko, motar wa za a ɗauko, ta wace hanya jerin gwano zai bi, nawa kowane yaro zai kawo. Ni dai ra'ayina a kan wannan ba shi da tsawo. Duk bikin da zai bar uba da bashi, ko ya kai yaro gadon asibiti, ko ya wuce bai bar wa yaro komai a ka ba, gara a haƙura da shi. Akwai hanyoyin da suka fi shi sauƙi, suka fi shi aminci, kuma su ne suka fi kusa da dalilin da ya sa aka kafa wannan ƙidaya tun farko.

Bari mu fara da wannan dalilin, domin da yawa daga cikin masu ɗaga tuta a ranar ba su san shi ba.

A zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, Larabawa suna da watanninsu 12, amma shekarunsu ba su da lamba. Sai dai a ce shekarar giwa, ko shekarar abu kaza, kamar yadda tsofaffinmu ke cewa an haifi wane shekarar fara ko shekarar yunwa. Haka aka yi ta tafiya har zamanin halifancin Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda. Daula ta faɗaɗa, wasiƙu suna kai da komo tsakanin Madina da garuruwa, ga bashi ana rubutawa, ga alkawura. Malaman tarihi sun kawo cewa Abu Musal Ash'ari, gwamnan Basra, ya koka da cewa takardu suna zuwa masa babu shekara a jiki. An kuma ruwaito cewa an kawo wa Umar wata takardar bashi da aka ce za a biya a Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban ɗin, na bara, ko na bana, ko na baɗi? Sai ya tara sahabbai aka yi shawara, wajen shekara ta 17 bayan Hijira. Aka duba haihuwar Annabi, aka duba aiko shi, aka duba wafatinsa, a ƙarshe aka tsaya a kan Hijira daga Makka zuwa Madina, wadda ta zo daidai da shekarar 622 ta Miladiyya. Aka kuma sa Muharram ya zama watan farko, domin shi ne ke biye da aikin Hajji, kuma wata ne mai alfarma, ɗaya daga cikin huɗun nan: Zulƙida, Zulhajji, Muharram da Rajab.

Ku lura da abu biyu a nan, ɗalibai. Na farko, ba ranar 1 ga Muharram Annabi ya yi Hijira ba, kamar yadda nakan ji wasu suna faɗa a lasifika. Ya bar Makka a ƙarshen Safar, ya sauka Ƙuba a Rabi'ul Awwal. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, wannan kalanda an kafa ta ne domin takardu, domin bashi, domin a san ranar cika alkawari. Asalinta lissafi ne. To ashe ba abin mamaki ba ne a ce ranar tunawa da kalandar da aka kafa don a biya bashi ta zama ranar cin bashi?

Na san malamanmu sun yi saɓani a kan bikin kansa. Wasu suna ganin tunda Annabi da sahabbai ba su keɓe wannan rana da wani biki ba, barinsa shi ne daidai. Wasu suna ganin babu laifi a yi amfani da ita a tunatar da mutane tarihinsu da kalandarsu, muddin ba a ɗauke ta idi na uku ba. Ba zan raba wannan gardama a shafi ɗaya ba. Amma akwai inda duka ɓangarorin suka haɗu: babu wata salla ta musamman ko azumi na musamman da ya tabbata don ranar 1 ga Muharram, kuma babu malamin da ya halatta almubazzaranci ko jefa rai cikin halaka da sunan murna. A kan wannan wurin da aka haɗu nake magana. Jihohi irin su Kano, Sakkwato, Jigawa da Kebbi sukan ba da hutun aiki a ranar, saboda haka yaro zai kasance a gida ko a titi, ko mun so ko mun ƙi. Tambayar ita ce me zai yi da wunin.

Mu ɗauki maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, babu magidancin da bai ji a jikinsa ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yuli na 2024 naira 70,000 ne, kuma iyayen ɗalibanmu da yawa ba ma albashin suke ɗauka ba, sai abin da kasuwa ko gona ta bayar. Sannan ku duba inda Muharram ya faɗo. Kwana ashirin ne kacal tsakaninsa da Babbar Salla. Uba ya yi ɗinkin salla, mai hali ya yi layya, ga damina ta shigo ana neman taki da iri. Bai gama numfasawa ba sai ga yaro da takarda daga makaranta: anko, kuɗin mota, kuɗin hayar rumfa da kujeru, kuɗin lemo. Idan yara biyar gare shi a makarantar, sai ka ninka sau biyar. Haba jama'a!

Abin da ya fi ciwo ma ba kuɗin ba ne. Yaron da ubansa bai samu ya yi masa ankon ba, shi ne zai maƙale a ɗaki ranar, ko ya tsaya a bakin zaure yana leƙen 'yan ajinsu suna wucewa. Marainiyar da ta fi kowa hadda a aji, ranar sai ta ce ba ta da lafiya. Mu malamai mun san wannan rashin lafiyar, ba ta buƙatar magani. Idan biki ya raba aji gida biyu, masu shi da marasa shi, to ya saɓa wa Hijira kanta, domin daga cikin ayyukan farko da Annabi ya yi a Madina akwai ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da suka baro dukiyarsu a Makka da Ansaru masu gida da gonakin dabino. Shawarata ga hukumomin makarantu, har da tamu, ita ce a bar ankon nan. Kowane ɗalibi yana da kayan makaranta, a wanke a goge, ya wadatar. Tabarmar aji ta isa zama, inuwar makaranta ta isa rumfa. In za a sha wani abu, zoɓo da kunun aya da iyaye mata za su haɗa a gida ya fi lemon kwalba araha, kuma ba wanda zai raina shi. Wanda Allah ya hore masa, yake son ya kashe kuɗi a ranar, ga kuɗin wata na marayu nan a ofishin shugaban makaranta yana jiran mai biya.

Sai maganar rai, wadda ta fi ta kuɗi nauyi.

Kowa ya taɓa ganin irin wannan: a-kori-kura cike da yara maƙil, wasu a tsaye, wasu sun zuro ƙafafu waje, direba yana gudu yana danna ham, 'yan babur suna biye suna karkace-karkace, wani ya saki hannu, wani ya ɗauki mutum huɗu. Mutane a gefen hanya suna kabbara. Wallahi duk lokacin da na ga haka gabana faɗuwa yake. Motar kaya an yi ta ne don buhu, kuma buhu in ya faɗo ɗauka ake a mayar. A watan Satumba na 2024, motar da ta kwaso masu zuwa Mauludi ta yi karo da babbar mota a yankin Saminaka ta jihar Kaduna, mutane masu yawa suka rasu, cikinsu har da mata da ƙananan yara. Niyyarsu kyakkyawa ce, Allah ya jiƙansu. Amma kyawun niyya ba ya hana mota kifewa idan an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Tawakkali kuwa, Annabi ya koya mana shi ne tare da ɗaure raƙumi.

Cinkoso ma haka. A ranar 18 ga Disamba na 2024, a unguwar Bashorun ta Ibadan, an shirya wa yara taron shagali na ƙarshen shekara, aka yi shelar za a raba kuɗi da abinci. Jama'a suka yi dafifi tun da sassafe, aka yi turereniya a bakin ƙofa, yara 35 suka mutu. Wannan darasi ne ga duk mai shirya taron yara, ko na Islamiyya ne. Kada a yi shelar rabo a bainar jama'a alhali ƙofa ɗaya ce. Kada a tara yara fiye da yadda malamai za su iya ƙirga su. In sadaka za a yi, a bi aji-aji, ko a kai gida-gida.

Saboda haka idan makaranta ta ga lallai sai ta fita, to a fita da ƙafa, a cikin unguwa, da safe kafin rana ta take, ba a kan babban titi ba. Kowane aji da malaminsa a gaba da wani babba a baya, a ƙirga yara wajen fita, a ƙirga su wajen dawowa. 'Yan ƙanana na ajin farko a bar su a makaranta. A ɗauki ruwan sha. Ni kam in an tambaye ni, taro a harabar makaranta da iyaye a zaune ya fi mini kowane jerin gwano, don a titi hayaniya kawai ake ji, ba wanda yake jin abin da yaro ya haddace.

Tunda muna maganar rai, bari in ratse kaɗan zuwa ɗaya sabuwar shekarar, ta 1 ga Janairu, domin ita ma tana shigowa unguwanninmu, kuma yaranmu ba a cikin kwalba suke ba. Da kalandarta muke karɓar albashi, da ita ake rubuta jarrabawa. Maƙwabtanmu Kirista suna raya darenta a majami'unsu, muna zaman lafiya da su, ba ruwanmu da tsangwamar kowa. Abin da nake ja wa ɗalibanmu kunne a kai shi ne abin da samari ke yi a titi a daren 31 ga Disamba: ƙona taya, tuƙin ganganci, da jefa nokawut. Wannan ba addinin kowa ba ne. Lokacin hunturu ne, komai ya bushe, ga iska, ga rumfunan kara da zana, ga masu sayar da fetur a galan a bakin hanya. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi layi guda. Hayaƙin taya kuwa, tambayi mai ciwon asma yadda yake kwana. Rundunar 'yan sanda takan fitar da sanarwar hana nokawut a ƙarshen shekara, kuma da dalili: a garin da mutane ke kwana da fargaba, wa zai bambance ƙararsa da ta bindiga cikin dare? Tsohuwa mai hawan jini tana ɗaki, jariri yana barci, kai kana waje kana dariya.

Na san kuna ganin wasan tartsatsin wuta na Dubai da Landan a wayoyin yayyenku, yana burge ku. Waɗancan ƙwararru ne suke harba shi, da motocin kashe gobara a tsaye, an kange jama'a nesa. Duk da haka taron dare yana da nasa haɗari. A Abijan ta ƙasar Kodebuwa, a daren shiga 2013, bayan an tashi daga kallon irin wannan wasa kusa da babban filin ƙwallo, turereniya ta kashe mutane wajen 60, da yawansu yara ne da matasa. Yaro dai wurinsa gida da dare. In kuma tsautsayi ya faɗa, wani ya ƙone, iyaye ku riƙe wannan: a zuba wa wurin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, kamar minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ko manja, ko ɗanyen ƙwai. Nokawut ɗin da aka kunna bai tashi ba kuma, kada yaro ya ɗauka ya duba, a nan ne yatsu ke tafiya.

To, mu dawo kan tamu. Idan an bar anko, an bar a-kori-kura, me ya rage? Abin da ya rage ya fi abin da aka bari yawa.

Tamu shekarar ba ta shigowa da ƙarfe 12 na dare. A lissafin Musulunci dare ne ke gaba da yini, saboda haka da faɗuwar rana take shigowa, babu mai hana idonsa barci don jiran ta. Ranar 29 ga Zulhajji, bayan sallar Magariba, uba ya kama hannun 'ya'yansa su fita fili su dubi yamma, kusa da inda rana ta faɗi, su nemi jinjirin wata. Ko ba a gan shi ba, don damina ce akwai hadari, yaro ya koyi inda ake nemansa, ya koyi cewa wata kwana 29 ne ko 30, ya koyi addu'ar ganin wata, sannan a kunna rediyo a ji sanarwar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Ko sisi ba a kashe ba. Yaro kuma ba zai manta daren da babansa ya nuna masa sama da yatsa ba.

Washegari da hantsi a zauna a yi kalandar gida. Kwali ɗaya da alƙalami sun isa. Yaro ya rubuta watanni 12 da ajami da boko, daga Muharram zuwa Zulhajji, kaka kuma ta faɗa masa sunayen da ta taso da su: watan cika-ciki, watan takutaha, watan azumin tsofaffi, watan sha ruwan tsofaffi, watan azumi, watan ƙaramar salla, watan babbar salla. Abin kunya ne ɗalibin Islamiyya ya jero Janairu zuwa Disamba ba gargada, amma a tambaye shi wane wata ke bin Safar ya tsaya yana susar ƙeya. Alhali azuminsa, da Hajjinsa, da iddar mata, da zakka, duk a kan waɗannan watanni suke. 'Yan kasuwa ma ku saurara. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana kuwa 365, bambanci wajen kwana 11. Shi ya sa sabuwar shekarar 1445 ta kama a Yuli na 2023, ta 1447 kuma a ƙarshen Yuni na 2025, har ma a 2008 aka shiga sabuwar shekarar Musulunci sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Disamba. Mai fitar da zakka daga Janairu zuwa Janairu yana jinkirta haƙƙin talaka da kwana 11 duk shekara, in ya yi shekara 33 a haka, zakkar shekara guda cur ta salwanta. A rubuta watan zakkar gida a jikin kwalin nan, a manna a bango.

Daga nan sai labarin Hijira, kuma ina roƙon iyaye da malamai su ba da shi ta inda yaro zai ga kansa a ciki. Tafiyar nan ta fiye da kilomita 400, matasa sun yi aiki a cikinta ba kaɗan ba. Sayyadina Ali ya kwanta a shimfiɗar Annabi alhali masu takubba suna bakin ƙofa. Kwana uku da Annabi da Sayyadina Abubakar suka yi a kogon Sauru, Abdullahi ɗan Abubakar ne yake wuni a Makka yana sauraron abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, da dare ya kai labari. Amiru ɗan Fuhaira yana biyo sawunsa da tumaki don ya ɓatar da shi, ya kuma shayar da su madara. Nana Asma'u 'yar Abubakar ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzuri. A Madina kuma, Anas ɗan Malik yana ɗan shekara 10 aka kawo shi ya yi wa Annabi hidima, Zaidu ɗan Sabit yana da 11, shi ne daga baya aka ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani a zamanin Abubakar. Ka ga sa'o'in 'yan aji huɗu da aji biyar ke nan. A raba wa ɗalibai waɗannan sunaye, kowa ya tashi gaban iyaye ya faɗi abin da nasa ya yi, cikin Hausa mai daɗi, in ya iya ya ƙara da Larabci. Manyan ɗalibai su kawo hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, don su san abin ya taɓa faruwa a ƙasarmu.

Akwai wani abu a labarin Sayyadina Ali da ake yawan tsallakewa. An bar shi a Makka ne har da don ya mayar wa mutane kayan ajiyarsu da ke hannun Annabi, mutanen da suke neman ransa. To kai ɗalibi, littafin wa ke cikin jakarka tun zangon bara? Canjin wa ka riƙe? Ke uwa, kwanon maƙwabciya da ya kwana biyu a madafarki fa, da zubin adashen da aka yi shiru a kai? Kai uba, tela da mai shago suna bin ka tun salla. Ranar hutun nan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a da halin biya, a je a ba shi haƙuri a sa masa rana. Wanda ake gaba da shi, a taka a yi masa sallama. Wannan ya fi kowane abu wuya a cikin abin da na lissafa, na sani, amma shi ne ya yi kama da takardar Sha'aban ɗin nan ta Sayyadina Umar.

Ɗalibi kuma ya yi wa kansa hisabi a rubuce, ba a baki ba. Bara war haka ina wace sura, yau ina wace? Hadisi nawa na riƙe cikin Arba'una? Ahalari ko Ishmawi, ina na tsaya? Asuba nawa ta wuce ni ina barci? Ya rubuta abu ɗaya ko biyu da zai cim ma kafin Muharram mai zuwa, kamar izu biyu, ko gyaran karatun Fatiha, ya ba mahaifiyarsa ta ajiye. Kada a cika buri. Izu ɗaya da aka riƙe da kyau ya fi biyar da aka yi alkawari.

Wani alheri da Allah ya kawo a 'yan shekarun nan shi ne Muharram yana faɗowa a farkon damina. Ƙasa ta jiƙa. Kowane aji ya dasa bishiya ɗaya a makaranta ko a ƙofar gida, darbejiya ko mangwaro ko zogale, a kewaye ta da ƙaya saboda awaki, a rubuta shekarar Hijira a ɗan allo a rataya. Zogale ma reshe kawai za ka yanko ka kafa. Sannan ga kwatocin unguwa da leda ta toshe, ruwa ya kwanta sauro yana haihuwa. Al'adarmu ce a wannan wata taubasai da abokan wasa su bi juna suna karɓar kuɗin shara. Wasa ne mai daɗi, yana ƙara zumunci, ban ce a bari ba. Amma bana samari su ɗauki shebur da tsintsiya su yi sharar ta gaske tukuna, sannan a zo a yi maganar kuɗin. Ƙanana dai kada a sa su cikin kwata, akwai kwalba da ƙusa, su tsaya wajen tsince leda.

Ibadar da ta tabbata a wannan wata kuwa tana nan tafe a kwana na 9 da na 10, wato Tasu'a da Ashura. Da Annabi ya zo Madina ya tarar da Yahudawa suna azumin ranar 10 saboda a ranar ne Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, sai ya azumce ta ya kuma yi umarni da a azumta. Bayan an wajabta Ramadan a shekara ta 2 sai ta koma nafila. Ya inganta cewa azuminta yana kankare zunuban shekarar da ta wuce, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya yi niyyar haɗawa da ranar 9. Wata sahabiya, Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, ta ba da labarin cewa sukan sa yaransu azumin, su yi musu abin wasa da ulu, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa ya shagala har rana ta faɗi. Iyaye mata, kun ji dabara. Amma a duba ƙarfin yaro, marar lafiya da ɗan ƙarami a bar shi ya yi rabin yini. Kuma a wannan rana ce, shekara ta 61 bayan Hijira, aka kashe jikan Annabi, Sayyadina Husaini, a Karbala. Ya kamata ɗalibi ya san wannan, ya san ba ranar shewa da tsalle-tsalle ba ce.

Cika-ciki fa? Na san iyayenmu mata suna nan sun adana wutsiya ko ƙafar ragon layya don wannan dare. Hadisin yalwata wa iyali a ranar Ashura malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinsa, wasu sun karɓa, da yawa sun raunana shi. Ciyar da iyali dai alheri ne a kowace rana. Abin da ba shi da tushe shi ne camfin da ake tsorata yara da shi, wai wanda bai ƙoshi a daren ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. Arziki a hannun Allah yake, ba a cikin tukunyar dare ɗaya ba. Saboda wannan camfin yaro zai yi ta tura tuwo har ya kwana yana amai, uba kuma ya ciyo bashin kaji. A dafa abin da ke akwai, a yi buɗa-baki da shi. Sannan a zuba kwano ɗaya a ba yaro ya kai gidan da aka san ba a ɗora tukunya ba, wani kwanon kuma na almajirin da ke bakin ƙofa, da ɗuminsa, ba ɗumamen jiya ba.

Ɗalibaina kuma ku shirya. Ranar da aka dawo aji, kafin mu buɗe littafi, kowa zai tashi ya jero mini watanni 12 a tsare, ya rubuta kwanan watan ranar da ajami a allo, ya faɗa mini inda ya dasa bishiyarsa. 'Yan aji shida za su ƙara da lissafin shekarunsu na haihuwa da ƙidayar Hijira, su tambayo iyayensu tun yanzu.